Gwaibar Adda da Lemon Auta

Har yanzu idan igiyar shanya ta taɓa min kafaɗa sai na zabura. Inna ta ce zai wuce. Ina jira.

A bayan gidanmu a Barunde akwai bishiyoyi biyu da Baba ya dasa da hannunsa. Gwaiba ta Adda ce, yayata, ya dasa ta shekarar da aka haife ta. Lemon tsami nawa ne. Haka ake kiransu tun muna yara, gwaibar Adda da lemon Auta, ko baƙo ya zo sai an zagaya da shi ya gani. Yanzu Adda tana karatun aikin jinya a wani gari. Ni kuwa tun da na gama sakandare ina gida, ina taya Inna suyar awara.

Jemagu ne suka jawo mana. Su sha 'ya'yan darbejiyar maƙwabta, su zo su yar da ƙwallon a gindin bishiyoyinmu. Kafin mu ankara, 'yan darbejiya sun tsiro a jikin kowacce, sun kai kaurin tsintsiyar hannu. Yaɗiya kuma ta biyo katanga ta nannaɗe su. Da fari Inna ta hana a taɓa ta, don tana tsinkar ganyen ta yi mana kwaɗo. Sai da damina ta yi nisa, aka daina gane ina gwaiba ina lemo, sannan ta yi shiru.

Baba ya sayo maganin ciyawa a Kasuwar Gombe, amma ya ce ba zai yi feshi ba, don iska ba ta san wadda ake so da wadda ba a so ba. Da gwaiba ya fara. Ya naɗe gindinta da buhu, ya sa ƙaramin zarto ya yanke darbejiyar dab da ƙasa, ya tsiyaya maganin a gwangwanin tumatir, ya tsoma gashin kaza yana shafa wa kututturen tun yankan bai bushe ba. Yaɗiyar ma ba ya fizgo ta. A gindi yake yanke ta, ya shafa, ya bar ta sama ta bushe da kanta don kada reshe ya karye. Ni ce mai riƙe gwangwani. Ina kallon yadda yake kare kowane ganyen gwaiba da tafin hannu kafin ya kai gashin. Da ya gama ya ɗauki hoto ya tura wa Adda.

Na ce, "Baba, lemona fa?"

Ya ce, "Lemo ai mai ƙaya ne, Auta, yana da juriya. Gobe in Allah ya kai mu."

Gobe ta zo da ruwan sama. Bayanta ɗaurin aure a Gabukka, bayansa ciwon gwiwa. Ganyen lemona ya fara rawaya a ƙarƙashin yaɗiyar, ina gani kullum idan na je shanya.

Wata Asabar da hantsi na gan shi ya sake ɗauko gwangwanin. Zuciyata ta yi fari, sai na ga ya wuce lemon ya tsuguna a gindin gwaiba, wai wani kututture ya yi toho. Na shiga kicin na ɗauko wuƙar Inna, na nufi lemona. Ba ni da haƙuri irin na Baba, kuma raina a ɓace yake. Na yanke wani reshen yaɗiya mai kauri, na kama na ja da ƙarfi.

Wani abu mai sanyi da nauyi ya faɗo min a kafaɗa. Ya zame ta cikin mayafina, ya bi hannuna a hankali, ina jin kowane motsinsa a fatata. Na ga kansa ya leƙo wajen wuyan hannuna. Na kasa numfashi, balle ihu. Sai da ya sauka ƙasa ya shige tarin ganye sannan muryata ta dawo, na ƙwalla ƙara.

Baba ya taso a guje, shi da ke kukan gwiwa. Ya kama hannuna yana jujjuyawa, ya duba wuyana, ya duba ƙafata. "Ya sare ki? Nuna min wurin. Auta, yi magana." Babu sara. Ya jawo kaina ya haɗa da ƙirjinsa, ina jin warin maganin a rigarsa da bugun zuciyarsa. Rabon da Baba ya riƙe ni haka tun ina firamare. Na so mu daɗe a haka.

Sai na ji ya yi salati ta saman kaina. Ashe da ya taso ya yi ƙwallo da gwangwanin, maganin ya tsiyaye a gindin gwaiba. Ya sake ni. Ya ɗauki fartanya yana kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar, da ya kusa saiwa ya ajiye ta ya ci gaba da yatsu. Ni na zauna a ƙasa ina kallonsa.

Inna ta fito da ruwa a kofi. Bai waiwayo ba ya ce, "Wannan ba zai isa ba, kawo bokiti."

Ta ce, "Malam, na 'yarka ne. Ita ce maciji ya hau, ba gwaiba ba."

Ya ce, "Ai ita na duba ta, lafiyarta ƙalau."

Da yamma Adda ta kira. Ta jajanta min, har da tsokana: "Auta, an ce har bakin titi an ji ki." Na yi dariyar dole. Sai ta ce in ba Baba wayar. Ina daga ɗaki ina jin sa yana ba ta labarin saiwa, da irin ƙasar da ya cike ramin da ita, yana cewa ta kwantar da hankalinta. Adda ba ta yi min komai ba. Na san haka, amma ban ci tuwon ranar ba.

Washegari da safe na hango Baba ta tagar kicin, sanye da takalmin roba, da doguwar sanda a hannu. A gindin lemona yake. Ya bubbuga ganyen, ya naɗa buhu, ya yanke darbejiyar, ya fito da sabon gashin kaza. Duk abin da ya yi wa gwaiba ya yi masa, har kare ganye da tafin hannu. Na haɗa masa shayi na kai, na tsaya daga nesa na miƙa.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Na gode."

Ya kurɓa ya ce, "Ai dole a share nan. In an bar wa macijin wannan duhuwar, wata rana gwaiba zai koma. Kin san Addarki ba ta zuwa hutu ba ta hau ta ba."

Gwaibar ba ta yar da ko ganye ba. Yaɗiyar ta bushe ta zube, lemona ya yi sabon toho, har ya fara fure. Inna ce ke ba ni labarinsa, don har yau ban iya ƙarasawa gindinsa ba. Na tambaye ta ko Baba ya ɗauki hotonsa. Ta ce ba ta gani ba.