Faifan Yaya Da Na Gani Sau Biyu

Shekara biyu ina rubuta kanel tawa, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ba wanda ya sa ni, ƙaiƙayin hannu ne kawai. Duk sati ina zirga-zirgar aiki Abuja, ran Asabar kuma in zauna a ɗakina a Suleja in yi ta fama da ita.

Da na zo gwajin rubutu a kan faifan ajiya, sai na ari tsohuwar kwamfutar yayata. Ta ba ni da kashedi. A ciki ta ajiye muryar Innarmu, hirarraki goma sha ɗaya da ta ɗauka da waya kafin rasuwarta, wayar kuwa tuni aka sace a tasha. Na ce mata ko kusa da faifanta ba zan je ba.

Na sayo wani kwancen faifai, na jona, na kunna. Kanel ta nuna faifai biyu. Har da murmushina, wai ni gwani. Na zaɓi na biyun, na ce ta shafe shi kakaf.

Sai da ta gama na lura girmansu ɗaya. Na duba lambar jikinsu, ita ma ɗaya. Na buɗe akwatin kwamfutar, ashe kebul ɗin kwancen bai ma shiga ba. Faifan Yaya ne ya amsa kira sau biyu, kanel ɗin kuma ban koya mata tantance lamba ba. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Gyaran kuskuren da ke cikin kanel ɗin rubutun layi huɗu ne kacal, kafin la'asar na gama. Wannan sauƙin ya fi komai ƙona mini rai. Na kai faifan wurin masu gyara biyu a Abuja, kowanne ya ce da sifili na bi shi, wato na rubuce kan komai, babu abin da ya saura.

Ita kuwa Yaya, na ce mata wata 'yar matsala ce, ana dubawa. Tsoro nake ji, kunya kuma ta fi tsoron.

Ran Juma'ar da ta wuce ta kawo mini tuwo, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Auta, kada ka takura kanka," in ji ta. "Ko guda ɗaya ka ciro mini ya isa. Na fara manta yadda Inna take kiran sunana."

Na ce mata to.