Eriyar da Aka Goge a Bakin Get

Shekara huɗu ina karatun digiri na biyu a kan abin da ido ba ya gani. Da rana ina gwajin roba a wata masana'antar bokiti a Sharaɗa, Asabar da Lahadi ina jami'a. Aikina na jami'a a kan eriyar girafin ne. Girafin wani siririn ɓawon gawayi ne, kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya. Da shi ake yanka eriya, don na'urorin da ba su kai ƙwayar gero ba su yi magana da juna ta wasu igiyoyin iska irin na rediyo da ake kira terahaz, babu waya. A gida Ɗorayi cewa ake ina karatun aljanu.

Malamina ya ce zane a kwamfuta bai isa ba, sai na kawo awo na gaske, kuma wannan zangon ne na ƙarshe, ko na gama ko a sallame ni. Na yi ta roƙon wata tsohuwar abokiyar karatuna a ƙasar waje har na ji kunyar kaina. Wata bakwai kafin ta aiko da ɗan gilashi kamar farce, eriyoyin na kwance a kansa. Guda ɗaya tak.

Ni da rawar kai, sai na tafi da shi wurin aiki don na leƙa shi a madubinmu na gwaji mai ƙara girman abu. Na gan su kuwa, jere reras. Har da hawayena.

Na manta da binciken fita. Duk ma'aikaci sai an caje shi a get, mu mata wata dattijuwa 'yar Filato ke duba mu, muna ce mata Mama. Tana sona, kullum sai ta gyara min mayafi. Ina sa hannu a rajista ta buɗe jakata, ta buɗe ɗan akwatin da gilashin yake ciki.

"Mama, don Allah kar ku taɓa!"

Ina! Ta riga ta hura masa iska, ta murza shi da bakin zaninta, ciki da baya.

Innalillahi. Na zauna daɓas a ƙasa, layi na bayana ana cewa in matsa. Na so in yi ihu, in zagi wani, to wa zan zaga?

Ta miƙo min shi tana murmushi.

"Ƙura ce kawai a jiki, 'yata. Ga shi na goge miki tas, babu komai yanzu."