Tokar da ba a zubawa a wake

Shekarar da likita ya ɗora Innata kan allurar ciwon suga, abin da ya fi jaddada mana shi ne kada maganin ya ji zafi. A ƙauyenmu na gefen Bungudu kuwa wayar lantarki ado ce, tsuntsaye suka fi mu morarta. Sai Inna ta riƙa naɗe kwalbar maganin a leda tana ajiyewa a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ni kuma duk Juma'a na kai mata ƙanƙara daga Gusau. Da bazara ta yi tsanani, sau biyu maganin yana lalacewa. Na biyun sai da muka kwana uku a asibiti, kuma na tsorata ƙwarai.

A Tsafe nake koyarwa lokacin. Wata ranar Alhamis, a motar dawowa Gusau, rediyo ya ce ana shawarar kiran wani kamfanin ƙasar waje ya gina mana tashar lantarki ta nukiliya, mai wutar da ba ta ɗaukewa. Direbanmu ya yi tsaki ya ce famfon da Turawa suka haƙa a garinsu ma ya lalace, an rasa mai kunce shi. Ni kuwa firji kawai nake hangowa a ɗakin Inna. Ina da ɗabi'ar bin abu har ƙarshensa, don haka ina isa gida na duƙufa kan waya ina karantawa, har tuwona ya huce.

Washegari na je da ƙanƙara da albishir. Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe toka tana cakuɗawa da wake, yadda take yi kowace shekara don kada ƙwari su ci. A gidanmu ba a zubar da toka. Wadda ba ta shiga wake ba, a goge tukunya da ita, saura a kai gona.

Na kwashe bayani kamar ina gaban allo. Ta bar ni na gaji, sannan ta ce, "To Malam, wagga wuta mi take ci? Itace ko gawayi?"

Na ce wani irin dutse ne da ake haƙowa a ƙasa, kuma ko hayaƙi ba ya yi.

"Tokar hwa? In sun hwara, ka sa a aje mani buhu biyu. Tokar dutse ai sai ta hi ƙarhi ga wake."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma da na zo zan ba ta amsa sai dariyar ta tsaya, domin na karanta wannan ma, na dai tsallake shi ne da gangan. Na gaya mata ba a taɓa wannan tokar, ko kusantarta ba a yi. Rufe ta ake yi a adana, wata ma shekaru dubbai kafin ta daina cutarwa.

Ta ajiye rariya. "Su da sunka gina, nan za su zauna su yi gadinta?"

Na ce ya danganta da yarjejeniya.

"In sun tahi, gonar wa za a binne ta?"

Na ce ban sani ba. Ta tuna mini da yaran da dutsen zinare ya kashe a wasu ƙauyukan jiharmu, dutsen da iyaye suka riƙa niƙawa a tsakar gida ba su san da guba a ciki ba. Nan raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce ita dai ta fi kowa bukatar wutar nan, ko ta manta da gadon asibiti?

Ta miƙa hannu gindin randa ta zaro kwalbar, ta kara a kuncinta. Na ga fuskarta ta canza.

"Ta yi ɗumi," ta ce. "Miƙo ƙanƙarar."

Na miƙa, rabi ya riga ya zama ruwa a hanya. Tana naɗe kwalbar ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ina son wutar, kada ka ce ba ni so. Ka dai tambayo mani su, ko sun yarda su koma gida da tokarsu."

Ta ɗaure mini waken a buhu, ta ce na kai wa jikokinta.