Huji Uku a Cikin Yayana

Ko zan manta da komai a duniya, ban da shekarar da aka yi wa yayana aiki a ciki. Ɗan dako ne a tashar Jibiya, yana loda buhunan masara a motocin da ke tsallakawa Maraɗi, kuma shi ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba.

Ya daɗe yana fama da ciwon ciki muna ta ɗura masa jiƙo, sai da ya fara kashin jini muka nufi babban asibiti. Likitar ta ce da wata 'yar jaka aka haife shi a jikin ƙaramin hanji, a cikinta ƙari ya tsiro, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Ba su tsaga shi ba. Huji uku kawai suka yi, suka zura kyamara da siraran ƙarafa suka yanke wurin. Da za a sallame mu likitar ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙarin nan mugu ne, yana iya dawowa. Ki tabbata yana zuwa ana duba shi."

To mu a wajenmu, mai dubiya sai ya ga ɗinki hankalinsa ke kwanciya. Kowa ya shigo sai a ɗaga riga. Kawunmu na Maraɗi ya leƙa, ya tuntsire da dariya, ya yaye tasa rigar, ga tabo daga ƙirji har mara. Ya ce, "Wanga shi ne aiki, ɗana! Kai ko ƙaho anka yi maka."

Yaya ya taya shi dariya, amma na ga maganar ta shige shi, don mutum ne da ya tsani a ce yana da raki. Kafin mako abokan dako sun laƙaba masa Mai Ƙaho. Da ranar komawa asibiti ta zo na yi magiya har da hawaye. Ya ce, "Ke dai bari, ƙanwata. In je in ce masu mi? Wuri ya warke sarai."

Ya koma bakin lodinsa. Lokacin da ciwon ya sake kayar da shi, ƙarin ya riga ya kama hanta, likitoci suka ce babu sauran abin yankewa. Da damina ya cika, kansa a kan cinyar Inna. Ban taɓa ganin dattijo ya yi kuka irin na Kawu ranar ba, kuma har yau ni ma ban huce ba.

Tun daga nan na san ba a auna ciwo da girman tabo. In na je dubiya yanzu, bakina ba ya wuce "Allah ya ƙara sauƙi, yaushe likita ya ce ka koma?"