Ƙwallon Hanya

Akwai gidan kallon ƙwallo a bayan layinmu a Birnin Kudu, rumfar kwano ce da bencuna da wani janareta mai tari. Kwanan baya wasu samari biyu suka fasa wa juna kai a ƙofarsa, ɗaya da ƙafar benci, ɗaya da kwalbar lemo, a kan wasu ƙungiyoyin Turai da ba su ma san da zamansu a duniya ba. Na fito na tarar da jini a ƙasa, an rirriƙe su suna ta ashar. Na tambayi wanda ya fi jin jiki ko ya taɓa buga ƙwallo a fili, ya ce shi a waya yake bugawa. Wallahi raina ya ɓaci, na juya na koma gida ina tsaki.

Kada a ɗauka mu salihai ne a zamaninmu. Mun yi faɗan da ya fi nasu muni. Amma mu wanda muke faɗa a kansa mun san shi, tare muke sallah, tare muke noma, in ya karye mu ne masu ɗaukarsa. Ƙungiyarmu ta unguwa ce, masu noma da teloli da masu faci, ana gama girbi sai a fara gasar ƙananan ƙungiyoyi ta yankinmu. Filayen kuwa yawanci gonaki ne da aka share, tushiyar kara na nan tana jiran ƙafar wanda ba shi da takalmi. Turakun raga na darbejiya ne, igiya ce a sama, raga kuma babu ita, don haka kowace ƙwallo da ta shiga sai an yi musu. Ina kewar wannan ƙwallon har gobe, kuma haushin kaina nake ji da nake kewarta, domin na san abin da ta ci mana a gida.

Ni ɗan baya ne a ɓangaren hagu, ba wani gwani ba, sai dai ba a wuce ni da daɗi. Yayana shi ne golanmu. Gidanmu gidan wanzamai ne tun kakanni, kuma shi ne ya ɗauko hannun Baba. In yana yi wa jariri aski, uwar ma ba ta kawar da kai. A kakar da abin ya faru idon Baba ya fara yin hazo, har ya faɗa a gaban mutane cewa da zarar an gama shigar da amfanin gona zai miƙa wa Yaya zabirar kayan aski ya huta. Ni kam tun ina ƙarami aka gane hannuna na fartanya ne, na taɓa yanke wa wani dattijo kunne, daga ranar Baba ya sallame ni. Kullum za mu fita wasa sai Baba ya ce wa Yaya, “Kai mai tsaron gida, ka tuna da wannan hannun gidan nan zai ci abinci.” Yaya ya yi dariya ya ce, “In sha Allahu, Baba.” Ko safar hannu ba shi da ita, toka yake murzawa a tafinsa.

To, akwai wata al'ada da duk wanda ya buga ƙwallon ƙauyuka a lokacin ya sani, ko da yake ba a faɗarta da ƙarfi. Muna kiranta ƙwallon hanya. In kuka je garin wasu kuka ci su, wasa ya zo ƙarshe kuna gaba da ɗaya, to sai ku bar su su farke. Gola ya faɗi hagu ƙwallo ta bi dama, ko ta suɓuce masa kamar da gaske. A tashi canjaras, masu gida su yi ihu su ɗaga ɗan wasansu, ku kuma ku hau motarku da haƙoranku cikakku. Sai a sake wasan a garinku, a can ku yi musu cin da kuka ga dama. Su ma in sun zo wajenmu haka suke yi mana, don mu ma muna da gorori a bayan fili. Sharaɗin ɗaya ne, kowa ya yi kamar bai san an yi ba.

Yaya ya tsani abin nan. Ya taɓa yi a wasu wasannin, kuma duk ranar da ya yi ba ya cin tuwon dare, sai ya zauna a zaure yana wasa asake da ba sa buƙatar washi.

Wasan da nake magana a kai a wani gari aka yi shi cikin ƙasar Gwaram, ba zan faɗi sunansa ba, don yanzu muna da surukai a can. A bayan akori-kura muka tafi, muna waƙa muna buga jikin mota. Direbanmu tsohon hannu ne, da muka isa bai tsaya ko'ina ba sai da ya juya kan motar ta fuskanci hanyar gida, ya ce mana shi ba zai kashe inji ba in an dawo hutun rabin lokaci. Bayan la'asar aka take wasa. Mutanen garin sun kewaye filin har suna taka layi, da yawansu da gora a hannu kamar masu zuwa kiwo.

Tun farko wasan ba na ƙwallo ba ne. Ɗan gabansu, wani ƙato mai ƙirar masu dakan kuɗi, ya sa mini gwiwar hannu a baki, na ji gishirin jini, na tofar na ci gaba. Ni ma da na samu dama na share ƙafafunsa ya faɗi kan tushiya, cinyarsa ta tsage. Rafali ɗan garin ne, usur ɗinsa ba ya kuka sai in namu ne ya yi laifi. Duk da haka, daf da hutu, telanmu mai buga lamba tara ya sa kai ya jefa ƙwallo tsakanin turakunsu, ta shiga yadda ko makaho ba zai yi musu ba. Ba mu yi murna sosai ba, mun dai tafa muka koma.

Bayan hutu suka taso mana kamar an buɗe wa shanu shinge. Ranar Yaya ya kama ƙwallo irin kamun da ban taɓa gani ba, sama da ƙasa, har ya cire wata daga kan ƙafar ƙaton nan, shi kuwa ya take masa haƙarƙari da gangan. Rana ta yi ƙasa, lokaci ya wuce, rafali ya ƙi tashin wasa. Kowa ya san abin da ake jira. Kyaftin ɗinmu ya zo kusa da Yaya kamar zai gyara ɗaurin takalmi, ya ce a hankali, “Gola, lokacin hanya ya yi.” Yaya ya gyaɗa kai. Na gani da idona, ya yarda.

Sai ga rafali ya busa fenariti a kan laifin da ba wanda ya gani, don ya sauƙaƙa wa kowa. Aka ajiye ƙwallo. Da an yi shiru da shi ke nan. Amma wasu samari da ke tsaye a bayan turakun Yaya suka fara ihu, “Saki, wanzami! Saki mana, ko mu yi maka aski!” Sauran suka ɗauka, fili gaba ɗaya ya koma “Saki! Saki!” ana tafi ana dariya. Abin da ake yi a rufe suka kwance masa zani a kasuwa. Na juya na dubi Yaya, na ga fuskarsa ta canza.

Ƙaton ya buga, Yaya ya tashi ya doke ta ta fita waje. Rafali ya rasa abin yi, sai ya ce gola ya motsa kafin a buga, a sake. Kyaftin ya yi kan Yaya yana cewa, “Kai mahaukaci ne? So kake a kashe mu?” Ni ma na matsa na ce, “Yaya, don Allah ka bari ta wuce, ka tuna Baba.” Ya dube ni, ya ce, “Koma wajenka.” Aka sake bugawa. Wannan karon bai ma doke ta ba, kama ta ya yi da hannu biyu ya rungume, ya miƙe tsaye ya juya ya nuna wa masu ihun.

Kafin ka ce kwabo filin ya cika. Dutse na farko ya samu telanmu a goshi, ya zube. Wani ya shimfiɗa mini gora a gadon baya, numfashina ya ɗauke, na tashi na kama wani na yi ta kai masa naushi ban ma san ko shi ne ba. Rafali ya jefar da usur ya ranta a na kare cikin gonar rogo. 'Yan wasanmu suka yi wajen mota, wasu ba riga, ɗaya da kunne a tsage. Ina waigawa na hango Yaya a ƙasa tsakanin turaku, an yi masa zobe, har lokacin ƙwallon na ƙirjinsa ya ƙi saki. Wani ya taka masa wuyan hannu da ƙafa ya danne a ƙasa, wani kuma ya ɗaga taɓarya, ban san daga gidan wa ya ɗauko ta ba, ya sauke a bayan hannun. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar ana karya busasshen kara.

Wasu dattawan garin ne suka shiga da rawunansu suna salati suna ture samarin, har ɗaya ya kwanta a kan Yaya ya kare shi da jikinsa. Ba don su ba da gawa za mu ɗauko. Muka ciccibe shi muka jefa a mota, direba ya fizge ta, duwatsu na sauka a kan kwano har muka fita gari. Hannun ya kumbura ya yi suntum, yatsu biyu sun juya inda ba nan suke ba, shi kuma ya cije leɓe.

Baba na zaune a ƙofar gida muka iso. Ya ji hayaniya, ya ce, “Wa aka ji wa ciwo?” Na ce, “Yaya ne, Baba. Hannu ne.” Ya ce, “Wane hannun?” Na ce na dama. Bai yi faɗa ba, bai yi salati da ƙarfi ba, ya dai lalubi sandarsa ya shige ciki. Da ya zage mu da na fi jin sauƙi.

Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, mutum huɗu muka danne Yaya yana jan yatsun, a nan ne kawai na ji ihunsa. Daga baya aka kai shi asibiti, suka ce ƙananan ƙasusuwan sun dagargaje. Samarin unguwarmu kuma suka ɗau fansa irin ta marasa hankali, ranar kasuwa suka tare wata motar Gwaram suka yi wa wani mai albasa jina-jina, bawan Allah bai ma san an yi wani wasa ba. Masu shirya gasa suka kori ƙungiyoyin duka biyu, cin da Yaya ya tsare da hannunsa ko a takarda bai shiga ba.

Hannun ya warke a ƙandare. Babban yatsa da manuni ba sa haɗuwa, su kuwa su ne masu riƙe aska. Ya gwada da hagu wata da watanni a kan ƙwarya, sannan a kaina, har kaina ya cika da tabo, daga ƙarshe ya haƙura ya koma awon hatsi a kasuwa. Zabira ta zauna a rataye a ɗakin Baba, masu suna da masu kaciya suka koma kiran wani wanzami daga Kiyako. Ban taɓa jin Yaya ya ce ya yi nadama ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba.

Da ya yi aure Allah ya ba shi ɗa namiji, lokacin idon Baba ya rufe gaba ɗaya. Ranar suna da safe, bayan an raɗa, sai Yaya ya shiga ɗaki ya sauko da zabirar, ya zauna a tabarma ya wasa aska da hagu. A gidanmu ba a taɓa kiran bare ya yi wa ɗan gida askin suna ba. Aka miƙo jaririn, ya jiƙa masa kai da ruwan ɗumi, ya saƙala askar tsakanin yatsun damansa ya kai ta kusa da maɗiga. Askar tana rawa, kowa na gani. Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye ta a kan tabarma, ya ce mini ba tare da ya ɗago ba, “Ɗauki keke ka je Kiyako.”

Na je na ɗauko mutumin. Ya shigo da sallama a hankali, don ya san gidan da ya shigo, ya durƙusa ya fara aiki, Yaya na riƙe da kan ɗansa. Ba wanda ya gaya wa Baba komai. Yana jingine da bango, ya karkata kunne yana sauraron tafiyar askar a kan fatar yaron. Can ya ce, “Wannan ba hannun gidan nan ba ne.”

Yaya ya ce, “Na Kiyako ne, Baba.”