Kunnen da Chaibu Ya Yi wa Injin Gado

Chaibu mai gyaran rediyo ne a Sabon Gari, a wata rumfa da kabu-kabu ke tsayawa gabanta. Tun yana saurayi, in akwati ya yi shiru sai ya sa shi magana. Mutane suna cewa yana da kunne.

Bara Gado, mai lambun albasa a Jiratawa, ya zo masa da buƙata. Ƙafa ta fara ba shi wahala. Yana son ya danna abu daga gida, injin ban ruwa ya tashi a lambu.

Chaibu ya samo takardar ƙa'idar da aka tsara wa irin wannan saƙo da ake aikawa ta iska, da Faransanci. Ya karanta inda aka faɗi raunin saƙon da dole na'ura ta iya kamawa, ya yi lissafinsa daga nan, ya haɗa na'urar karɓar saƙo mai kaifin ji. A gonar yayansa ta Tibiri ya gwada, inji ya amsa daga nesa.

A Jiratawa kuwa shiru. Wani ya kafa babbar eriyar tashar rediyo kusa da lambun. Albasa ta fara kwantar da kai.

"Malam Chaibu," in ji Gado, "kurma ka ƙera mini ko mai taurin kai?"

Chaibu ya ƙara mata ji. Abin ya ƙara lalacewa.

Da rana ya koma gida ya kasa cin tuwo. Matarsa Atika tana tankaɗe, maƙwabta na ta hayaniya bayan katanga.

"Ke ba ki jin wannan surutu?"

"Ina ji mana, Malam. Da duk abin da maƙwabci ya ce nake ɗauka, da in ka kira ni ban amsa ba."

Ya daɗe yana duban rariyar da ke hannunta. Sannan ya koma ga ƙa'idar. A gaba kaɗan, inda ya tsallake, an faɗi ƙarfin tashar maƙwabta da dole na'ura ta jure. Ya sake lissafi, ya rage mata ji, ya sa mata abin tace saƙo kamar rariya a bakin eriyarta.

Washegari Gado ya danna daga zaurensa. Can ruwa ya bi kwalbati.

"Alhamdulillahi," in ji Gado. "Ashe tana jin magana."

Albasar ta tashi. Yanzu in aka yabi kunnen Chaibu, murmushi kawai yake, ya tambayi wanda ya kawo aiki ko wane ne maƙwabcinsa.