Hoton da Ba Shi da Suna

Jikata ce ta zo da aikin, lokacin da shagunan intanet suka fara yawa a Minna. Jikokin ma'aikatan jirgin ƙasa na da ne suka ba ta ta haɗa musu shafi, a zuba tsofaffin hotuna. Da yake duk Dutsen Kura ba wanda ya kai ni sanin mutanen wancan zamani, sai ta ɗauko kwamfutarta ta zauna a tabarmata.

Aikin yana da ƙa'ida, in ji ta. Kowane hoto sai an raɗa masa suna iri ɗaya: sunan mai hoton, unguwarsa, sannan shekara, da ɗan layi a tsakani, don wanda zai gaji aikin ya nemo abu ba sai ya tambaye ta ba. Wanda ba a san sunansa ba, akwai wata folda da take jefa shi, ba ya hawa shafi.

Na ce wannan tsari ya yi. Tana nunawa ina faɗa, har da sunan uban mutum da abin da ya kashe shi.

Sai ta buɗo hoton wata yarinya a kan cinyar maigidana, Allah ya jiƙansa.

"Kaka, wannan fa?"

"Ta fari ce."

"Sunanta?"

"Ke, ƙawata, a gidanku uwa take kiran sunan 'yar fari?"

"To ai kwamfuta ba ta san kara ba."

"Sai ki koya mata, tunda ke kika yi boko."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Yarinyar da ke hoton ta rasu ba a yaye ta ba. Ban taɓa furta sunanta ba, ubanta ma haka, shi ya sa ƙannenta duk suka tashi ba su sani ba. In na yi shiru, hoton ya tafi foldar marasa suna. In kuwa na faɗa, na karya abin da na riƙe tun ina amarya.

Ranar kasuwar Beji na ce wa jikata ta ɗauko na'urarta mu shiga mota. Akwai aminiyata a can, Banufiya, wadda ta dama kunun sunan da hannunta. Ta tsufa, ido ya tafi, amma kai garau. Na gaya mata abin da ya kawo mu.

Ta ce, "Har yau kina nan da taurin kanki?"

Na ce, "Ina zai je?"

Na fita tsakar gida na tsaya wajen turmi, na bar su a ɗaki. Ina jin ƙarar maɓallan, kaɗan ne, sunan ba shi da tsawo.

A mota jikata ta juyo da fuskar kwamfutar ta nuna mini rubutun a ƙarƙashin hoton. Na daɗe ina kallo. Ni ba karatu nake yi ba, don haka ba abin da na karya.